Yadda zaka auna abu ka rage girmansa daidai in kana hada kananan motoci da 'yan tsana

Jama'a barkanmu da warhaka. Akwai samari da yawa a cikin garin nan na Kano masu hada adaidaita sahu da kwali, wasu tirela da langa-langa, wasu gida guda da zaurensa da soronsa, wasu kuma tara kananan motoci da 'yan tsanan jaruman fim suke yi suna jerawa a kabet. Hannu kam akwai shi wallahi, sai dai abu daya ke yawan bata aikin, kaga mota tayi kyau fenti ya zauna amma direban da aka ajiye kusa da ita ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba, ko taya ta fi karfin bodi. Da ido aka yanka shi yasa. Toh ga yadda ake awon.

Kafin ka taba reza ko almakashi ka fara tsayar da sikel dinka, wato sau nawa zaka rage girman abin gaske. In kaga an rubuta 1:18 a jikin kwalin mota, ana nufin an raba girman motar gaske gida 18 an dauki daya, tsawo da fadi da tsayi duka. Lambar baya in ta kara girma abin kankancewa yake, wato 1:64 ya fi 1:18 kankanta sosai. Motocin Hot Wheels da kamfanin Mattel ya fara fitarwa a 1968 ana lissafa su a 1:64, manyan motocin karfe na ajiya kuma yawanci 1:43 ne ko 1:24 ko 1:18. Tankokin yaki da sojojin kamfanin Tamiya 1:35, jiragen sama na hadawa da yawa 1:72. A bangaren 'yan tsana, masu inci 12 irin G.I. Joe na farko da Hasbro ya fitar a 1964 sune 1:6, masu inci 6 irin Marvel Legends ana daukarsu 1:12, kanana masu inci 3.75 kuma 1:18. Shawarata in kana da dan tsanan da kake so ya shiga motar ko gidan, shi zaka bi, don shi ba zaka iya kara masa tsawo ba amma kwali a hannunka yake.

Sai kayan awo. Rula ta karfe mai santimita 30 itace ta farko, kada ka dogara da ta roba irin ta 'yan makaranta, reza tana cin bakinta kuma da ta ci sau biyu layinka ya karkace kenan. Ka duba inda sifili ya fara, a rular karfe daga baki yake farawa, a ta roba akwai dan fili kafin sifili, mutane da yawa nan suke asarar milimita biyu zuwa uku basu sani ba. Sannan tef na karfe irin na kafintoci da magina mai mita 5, shi zaka auna abin gaske dashi. Sikwaya karama don kusurwa ta mike. Wadannan duk zaka samu a wajen masu kayan gini a Kofar Ruwa ko masu kayan aiki a kasuwar Sabon Gari.

Tef din tela kuma a yi hattara dashi. Yana da amfani wajen zagaye kirji ko kugun dan tsana in zaka dinka masa kaya, amma yana mikewa in ya tsufa, sannan akwai wasu 'yan China da bangaren da kake zaton inci ne ba inci bane, wani ma'auninsu ne na can mai kusan santimita 3.3. Gwajin ba wuya, ka dora shi akan rular karfe, inci daya dole ya fada akan milimita 25.4, in ya wuce haka kayi amfani da bangaren santimita kawai.

Wanda nafi so kowa ya mallaka shine baniya kalifa, wannan da masu gyaran inji ke auna fistin da bodin kusa dashi. Rula bazata baka kaurin kwali ko fadin tafin hannun dan tsana ko ramin taya ba, shi kuwa zai baka har kasa da milimita daya. Manyan hakoran kasa na auna waje ne, kananan na sama na auna cikin rami, dan siririn karfen dake fitowa ta wutsiya kuma na zurfi. In mai batir ka samu, ka goge bakinsa ka rufe shi ruf ka danna sifili kafin kowane awo, musamman lokacin hunturu da kura ke shiga ko ina, kwayar kura daya a tsakanin hakoran tana canza lamba. Kuma kar ka matse shi da karfi akan roba ko kwali, ya taba kawai ya isa, in ka matse kayan zai lotsa ya baka karya.

Yanzu lissafin. Ka mayar da komai milimita tun farko ka tsaya akai har karshe, kar kayi tsawo da inci fadi da santimita. Mita daya milimita 1000 ce, kafa daya 304.8, inci daya 25.4. Daga nan raba kawai zakayi da lambar sikel dinka, kalkuletar wayarka ta wadatar.

Bari mu dauki adaidaita sahu tunda shi ne a gabanmu kullum. Ka samu mai shi lokacin da yake hutawa kayi masa sallama ka nemi izini, Malam don Allah zan dan auna ne, yawanci basa hanawa. A ce ka auna ka samu tsawo 2600, fadi 1300, tsayi daga kasa zuwa rufi 1700. A sikel 1:18 tsawon zai zama 144, fadi 72, tsayi 94. Kar ka tsaya a wadannan ukun, ka auna fadin taya, tazarar dake tsakanin tsakiyar tayar gaba da ta baya, tsayin kujera daga kasa, fadin gilashin gaba, kowanne ka rubuta a littafi layi biyu, na gaske a hagu na sikel a dama. Tazarar tayoyin nan ita tafi komai muhimmanci a wajena, in ta kuskure ko da komai yayi daidai mutum zai kalla yace wani abu bai zauna ba ko da bai iya fadin menene ba.

Sai ka gwada da mutum. Namiji mai tsawon mita 1.75 a 1:18 zai zama milimita 97, kaga ya dan dara rufin adaidaitan mai 94, kuma haka yake a titi. Wannan mutumin a 1:6 milimita 292 ne, a 1:12 kuma 146, a 1:24 73, a 1:35 50 cif, a 1:64 27. Ka yanka kwali siffar mutum da tsawon sikel dinka ka ajiye akan tebur, duk abinda ka hada ka tsayar dashi kusa, kofa ce, kujera ce, randa ce, nan take zaka gane in abu ya kauce.

Masu hada gida ga naku. Kofar daki ta zamani yawanci 2100 ce da 900, a 1:12 ta zama 175 da 75. Bulo mai inci tara tsawonsa 450 tsayinsa 225, a 1:12 kusan 37.5 da 19, da wannan zaka ja layin bulo a bango ya fito kamar gaske. In kuma gini ne babba wanda tef bazai kai ba irin Kofar Nassarawa ko gaban Gidan Makama, ka tsayar da abokinka wanda kasan tsawonsa ya jingina da bangon, ka ja baya sosai ka dauki hoto kai tsaye ba daga gefe ba, sannan ka auna shi a hoton ka auna ginin kaga ninki nawa ne. Ba zai zama cif ba amma yafi ido nesa. Irin wannan gini a 1:50 ko 1:100 ake yinsa irin na daliban zanen gine-gine, don a 1:12 dakinka ma bazai dauka ba.

Wani abu da ake mantawa shine kaurin kayan aikin kansa. In fadin bodi 72 ne kuma kwalinka kaurinsa 2, bangaren da zai shiga tsakanin gefe biyu 68 zaka yanka ba 72 ba. Haka yadi, in zaka dinkawa dan tsana mai 1:6 babbar riga da shadda ta gaske, a jikinsa kamar ka ninka kaurinta sau shida ne, sai ta tsaya kikam taki kwanciya. Ka nemi yadi mara kauri a Kantin Kwari ko kyallayen da suka rage a shagon tela, mai kananan zane, aikin wuya ma da zare siriri.

In kuma mota ce ka tsinta a gwanjo babu kwali baka san sikel dinta ba, ka juya lissafin. Ka fara duba cikinta ta kasa, wasu kamar Matchbox sukan rubuta a wajen. In babu ka nemo tsawon motar gaske a intanet ka raba da tsawon taka. Hilux mai kofa hudu tana kusan 5330, in taka 83 ce toh 64 kenan. Kuma kar kayi mamaki in ka auna biyu daga kamfani daya ka samu sun saba, kananan motocin nan ana yinsu ne su shiga kwali iri daya, shi yasa karamar mota da babbar mota suke zuwa kusan tsawo daya, 1:64 din suna ne kawai a wasu.

Saura maganar firintin. Wani lokaci zaka samu zanen mota a 1:24 kai kuma 1:18 kake so. Ka raba lambar zanen da lambar da kake so ka ninka da dari, 24 raba 18 ya baka kashi 133, shi zaka ce a saka a injin hoto. In daga 1:18 zaka sauko 1:24 kashi 75 ne. Kafin ka tafi shagon ka ja layi mai milimita 100 a gefen zanen, ka gayawa mai kwamfutar ya fitar a ainihin girmansa kar ya bari injin ya daidaita shi da takarda, don yawanci da kansa yake dan ragewa ya shiga A4. Ka tafi da rularka a aljihu, takarda na fitowa ka auna layin a gabansa, 133 ya kamata ka gani in karawa kayi, 75 in ragewa, in ba haka ba a sake kafin ka biya.