Shawara ga ɗalibin da zai tuƙa jirgi shi kaɗai karo na farko

Ƙanena mai koyon tuƙin jirgin sama, ko a kwalejin Zariya kake ko a wata makarantar, ga abin da nake so ka riƙe kafin ranar da malaminka zai buɗe ƙofa ya sauka, ya bar ka kai kaɗai.

Da zarar ya sauka, jirgin ya rage nauyin mutum guda, kuma a ƙaramin jirgi irin Cessna 152 wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Za ka ga ya ɗaga daga titin jirgi da wuri, ya kai ƙafa 1,000, tsayin da ake zagaya filin jirgi a kai, kafin ka ankara, don haka kada idonka ya daɗe bai koma kan ma'aunin tsayi ba.

Wajen sauka ne na fi jiye maka. Jirgin zai yi ta shawagi dab da kwalta kamar ba zai zauna ba, kai kuma hannunka zai so ya danna hancinsa ƙasa. Kada ka yi haka, domin tayar gaba ce za ta fara bugun ƙasa, jirgin ya shiga tsalle, wani lokacin har farfela ta taɓa titi. Ka riƙe gudun da aka koya maka, ka yi haƙuri. Idan saukar ba ta kwanta maka ba, ka ba injin wuta gaba ɗaya, ka daidaita jirgin tukuna, sannan ka sanar da hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage cewa za ka sake zagayowa. Wallahi babu abin kunya a cikin haka.

Takardar bincike kuwa, wato jerin abubuwan da ake dubawa a jirgi kafin tashi da kafin sauka, ka karanta ta da babbar murya, kamar malamin yana zaune a kujerar dama.