Kurakuran da aka fi yi wajen sabunta manhajar tagwayen suwic a ɗakin sabar

Duk ma'aikatar da ta kashe kuɗi ta sayi suwic biyu (na'urar da ke haɗa sabar da kwamfutoci a netiwok) maimakon ɗaya, niyyarta guda ce: in ɗaya ya mutu, ɗaya ya ɗauki aikin. Kamfanin Cisco na kiran wannan haɗin vPC a kan suwic ɗinsa na Nexus, kamfanin Arista kuma na ce masa MLAG. Amma a Katsina, kamar ko'ina, daren sabunta manhajar gudanarwa shi ne daren da ake gane cewa tagwayen suna ne kawai. Kuma yawancin ɓarnar tun kafin a taɓa kibod aka shuka ta.

Babban kuskuren shi ne yarda da takarda. Zanen da ɗan kwangila ya bari yana nuna kowace sabar da waya biyu, ɗaya ga kowane suwic. Leƙa bayan rak ɗin, wato kantar da ake jera na'urorin, da tocila ka gani. Za ka tarar da sabar da aka jona da waya ɗaya "kafin a kawo ɗayar", shekara biyu ke nan. Za ka tarar da wata mai waya biyu, amma duk biyun a suwic ɗaya suka shiga, domin nan ne hannun mai jonawa ya kai. Sau da yawa layin intanet da ya shigo ginin ma a suwic ɗaya yake. Irin waɗannan ƙofofin, wato wuraren jona waya a jikin suwic, Cisco ke kira marayu, kuma umarnin show vpc orphan-ports zai jero maka su. Duk abin da ke wannan jerin zai yanke da zarar suwic ɗinsa ya kwanta. Gyaran ba shi da wuya, sai dai gajiya: ka bi kowace waya, ka ƙara ta biyu inda ya yiwu, inda bai yiwu ba ka faɗa wa mai abin tun da wuri cewa zai yi ɗan hutu. Sannan ka yi lissafi: suwic ɗaya zai iya ɗaukar duk zirga-zirgar? In layukan da ke haɗa kowanne da sauran netiwok sun riga sun haura rabin ƙarfinsu, ranar da aka haɗa masa kayan biyu sai ya shaƙe.

Akwai kuma masu rikita tagwaye da stak. Suwic da aka ɗaure su stak, irin StackWise na suwic ɗin Catalyst na Cisco, ƙwaƙwalwa ɗaya ke tuƙa su, kuma sabuntawa ta yau da kullum tana kashe su ta tayar da su gaba ɗaya. In stak kake da shi, kada ka yi wa oga alkawarin cewa babu wanda zai ji.

Shi kuwa vPC ko MLAG, kowane suwic da ƙwaƙwalwarsa, shi ya sa ake yin su ɗaya bayan ɗaya. A nan gaggawa ke cin mutane. Suwic na farko ya tashi, fitilu sun yi kore, sai mutum ya danna na biyu don ya samu ya koma gida. Koren fitila ba shaida ba ce. Da gangan aka sa suwic ɗin da ya tashi ya ɗan dakata kafin ya buɗe ƙofofinsa, don ya gama koyon hanyoyi daga OSPF ko BGP, ƙa'idojin da na'urori ke sanar da juna hanyoyin netiwok da su. A Nexus jinkirin daƙiƙa 30 ne in ba a canza ba, a yawancin ƙananan suwic na Arista kuma daƙiƙa 300. In ka kashe na biyu cikin wannan tsakanin, ka kashe duka ke nan. Ka jira, ka buga show vpc ko show mlag, ka ƙirga maƙwabtan da suka dawo, wato na'urorin da ke jone da shi, ka kwatanta da abin da ka kwafa kafin ka fara. In ba ka kwafi komai ba, da me za ka kwatanta? A tagwayen ɗaya babba ne, ɗaya mataimaki; wane za a fara da shi, wannan takardar bayanin da kamfani ya fitar da sabuwar sigar manhajar ce ke faɗa, ba al'ada ba.

Kishiyar gaggawa ma kuskure ce. A sabunta ɗaya yau, a ce ɗayan sai bayan Sallah. Kamfanonin sun yarda sigogi su bambanta ne na ɗan lokacin aikin kawai.

Sai tsallake. Ba kowace siga ake tashi daga ita a faɗa kan sabuwa fil ba. Wani lokaci dole a yada zango a wata ta tsakiya. Cisco na da jadawalin hanyoyin, kuma show install all impact zai gaya maka tun kafin ka fara ko aikin zai yanke zirga-zirga. Kada ka dogara da ISSU, wato sabuntawa ba tare da yankewa ba, sai wannan umarnin ya tabbatar maka. Ƙaramin abu kamar LACP, ƙa'idar ɗaure wayoyi da yawa su zama layi ɗaya, da aka sa a kan saurin daƙiƙa ɗaya yana iya hana shi.

Fayil ɗin kansa fa? Na NX-OS, manhajar Nexus, ya haura gigabait ɗaya, kuma mun san yadda netiwok ke yi mana a tsakiyar saukewa. Ka gwada lambar MD5 ko SHA-512 ta fayil ɗin, wadda ke nuna ko ya sauka cikakke, bayan ya shiga cikin suwic, ba a kan laftof kaɗai ba. Kada ka goge tsohuwar sigar don neman wuri sai sabuwar ta kwana lafiya. Ka adana saiti da copy running-config startup-config, ka kuma fitar da kwafinsa waje.

Wutar lantarki ita ce tamu ta gida. Mai rubuta jagora a Amurka bai san KEDCO, kamfanin wutarmu, ba. Suwic ɗin da wuta ta ɗauke masa yana tsakiyar rubuta BIOS ko EPLD, ƙananan manhajojin da ke cikin jikin na'urar, zai iya ƙin tashi har abada, kuma maye gurbinsa ba a kasuwar Katsina ko Kano yake ba, sai an jira daga Legas ko ƙasar waje. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka tayar da janareta tun kafin ka fara, ka duba man, ka gwada batiran UPS, na'urar riƙe wuta in an ɗauke, da kaya a kansu, domin zafin Afrilu na cinye su ba tare da sun nuna ba. Ka duba kuma ko wayoyin wuta biyu na kowane suwic ba a soket ɗaya suke ba. Suwic ɗin da ya yi shekaru ba a taɓa kashe shi ba, ƙurar hunturu ta cika fankokinsa, shi ne abin tsoro, don haka ni na fi son a fara kashe shi a kunna a kan tsohuwar sigar, a ga ya tashi, kafin a ɗora masa sabuwa.

Kada ka yi aikin daga gida ta hanyar da ke ratsa suwic ɗin da za ka kashe. Ka kasance a ɗakin, wayar konsol da ke haɗa laftof da suwic kai tsaye a jone, ko ka bar wani a can wanda ya san bambancin suwic na sama da na ƙasa. Ranar ma a zaɓe ta da hankali: ban da ƙarshen wata da ake biyan albashi, ban da makon rajistar ɗalibai ko jarrabawar JAMB, kuma ban da yammacin Juma'a, lokacin da duk wanda za ka kira ya riga ya kama hanyar Daura ko Funtuwa.