Kurakuran da aka fi yi wajen rarrabe filayen ciyawa da na ƙananan itatuwa a Legas

Wata ɗaliba 'yar unguwarmu a Agege ta kawo mini rahoton aikin fili da ta yi a bayan Ikorodu. A kansa ta rubuta "dajin kwakwar manja". Na tambaye ta bishiya nawa ta ƙirga, ta ce shida, a wurin da ya kai girman filin ƙwallo biyu. Na ce me ke ƙarƙashinsu? Ta ce, "Ciyawa ce kawai, Malam." Wannan ciyawar da ta raina ita ce mai filin. Tofa ce, tun daga bakin hanya har inda ido ya tsaya.

Kuskuren da na fi gani ke nan: a ɗauki abin da ya fi tsayi ko ya fi jan ido a ce shi ya mamaye wuri. Mamaya da faɗin ƙasar da tsiro ya lulluɓe ake gane ta. Gyaran ba shi da tsada. A haɗa sanduna huɗu, kowace mita 1, a ajiye a ƙasa, a tsaya a kai a kimanta kashi nawa cikin ɗari kowane tsiro ya rufe. Idan ƙananan itatuwa ne a ja igiya mita 5 ko 10 ta kowane gefe. Ma'aunin masanin tsirrai Braun-Blanquet, ɗan ƙasar Siwizalan, har yau shi ake yawan bi: lamba 5 ga abin da ya rufe fiye da kashi 75, lamba 4 daga 50 zuwa 75, lamba 3 daga 25 zuwa 50, lamba 2 daga 5 zuwa 25, lamba 1 ga abin da bai kai kashi 5 ba. Ƙirga ƙafar tsiro ɗaya bayan ɗaya yana yaudara, don ƙananan haki ɗari ba su kai gindin kalgo ɗaya rufe ƙasa ba. Kuma a daina ajiye sandunan a bakin titi saboda gudun shiga ciki. Gefen hanya duniyarsa daban.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne namu na 'yan Arewa. Mun zo da sunayen gida a baki, duk doguwar ciyawa gamba ce a wurinmu. Masu yankan ciyawar raguna da ke kai kaya Oko-Oba gabanin Babbar Sallah ma haka suke kiran ta, kuma ciniki yana tafiya. A rahoton bincike kuwa hakan ɓarna ce. Gamba ta ainihi, Andropogon gayanus, kanta bibbiyu ne masu gashi-gashi. Doguwar da ta cika kangaye da gefen hanyoyin Kudu yawanci Panicum maximum ce, kanta a baje yake, da ƙananan rassa masu ɗauke da ƙwayoyi. Ganye kaɗai ba ya raba gardama a dangin ciyawa, sai an jira ta fitar da kai. Haka mai yaɗon nan da ke shimfiɗe a yashin bakin teku wajen Badagry: ta yi kama da dumar kada, 'yar uwarta ce ma, amma a duba ganyen, bakinsa a tsage yake kamar kofaton akuya. Abin da ya shige duhu a cire shi da saiwa da kai, a danne cikin jarida ya bushe, a kai ma'adanar busassun tsirrai ta Jami'ar Legas ko ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan.

Sai barin mazauni, wato irin wurin da tsiron yake, daga cikin suna. Abin mamaki, Bahaushe a gona ba ya yin wannan kuskure. Yana cewa fadama, jigawa, fako, tudu, saura, kuma da ya ji "jigawar sabara" ya san irin ƙasar da abin da ke kanta. Sai mun ɗauki biro mu manta. A Legas ruwa ne ke yanke hukunci: na daɗi ne ko mai gishiri, wata nawa yake kwanciya, kamu nawa za a tona a same shi. Ciyawar Paspalum vaginatum da ke jure gishiri a bakin lagun, wato tafkin da ke haɗe da teku, da tofar da ke kan jar ƙasa a tudu, duka "filin ciyawa" ne a ido, amma babu abin da ya haɗa rayuwarsu. A rubuta suna cikakke: tofa a kan jar ƙasar tudu, da kwakwar manja jefi-jefi.

Akwai kuma masu ganin ciyawa su rubuta "sabana" kai tsaye, wato dajin ciyawa mai itatuwa jefi-jefi irin na Arewa. A rabon yankunan tsirran Najeriya da masanin tsirrai Keay, ɗan Birtaniya, ya yi, Legas tana ɓangaren itatuwan bakin ruwan gishiri da dausayi da kurmi, nesa da yankin sabana da ake kira Sudan, inda Kano take. Ruwan sama a nan yana haura milimita 1,500 a shekara, ruwan da ya isa ya raya kurmi. Saboda haka yawancin filayen ciyawar da ke tudu aikin mutum ne: sara, ƙuna, noma, ko yashin da aka zuba don cike ruwa, kamar yadda ake yi a Lekki. Tofa tana son wuta, domin saiwarta na gudu a ƙarƙashin ƙasa, ta riga kowa tohowa bayan ƙuna. A bar filin shekaru kaɗan ba wuta, sai ka ga ciyawar Awolowo, wato Chromolaena odorata, baƙuwa daga nahiyar Amurka, ta rufe shi ruf ta mayar da shi sarƙaƙiya. Don haka a tambayi mai gadin fili ko tsohon manomin wurin yaushe aka ƙona, yaushe aka yi shukar ƙarshe, a rubuta amsar tare da ranar ziyara.

Ziyara ɗaya ba ta isa. A je a Yuni lokacin da ruwa ya kwanta, a koma wajen Nuwamba ciyawa ta fitar da kai, a sake leƙawa a Janairu a ga abin da ya jure rani.