Yadda Ake Zaɓen Tsohuwar Jita Ga Mai Koyo

Tsohuwar jita ta gwanjo takan fi sabuwa mai araha amo da ƙarko, amma sai in wuyanta bai tashi ba. A Zariya ana dacewa da ita wajen masu kayan kiɗa a Sabon Gari, ko hannun ɗaliban Samaru masu karyar da kaya in sun gama karatu.

In ka ga Yamaha ta jerin FG, tsaya ka duba. An fara su a 1966, kuma masu jar takarda a ciki da rubutun Nippon Gakki ƙirar Japan ce. Waɗanda aka yi a Taiwan daga baya ma ba su da laifi, sun kuma fi sauƙin kuɗi. Fuskar yawancinsu siraran katakai ne da aka manne hawa-hawa. Masu tara jita suna raina wannan, alhali a nan alheri ne, don irin wannan fuska ba ta saurin tsagewa da hunturu.

Ka tafi da katin ATM guda huɗu da doguwar rula. A ɗaure tsirkiyoyi daidai tukuna, sannan ka tura katunan tsakanin tsirkiya mafi kauri da ƙarfen wuya na 12, wato na sha biyu cikin siraran ƙarafan da aka gitta a wuyan in an ƙirga daga kan jitar. Kati uku sun kusa milimita 2.3, nan ake so. In huɗu suka shige har da sarari, yatsun mai koyo za su sha wuya, cikin sati biyu ya jingine ta.

Sai ka kwantar da rular a kan ƙarafan wuya, ka zura ta zuwa jaki, wato katakon da tsirkiyoyi ke kamawa a fuska. Ya kamata bakinta ya sauka daidai saman jakin. In ya soki ƙasa sosai, wuyan ya tashi. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna ja da nauyin kilo 70 ko kusa, shekara arba'in suna wannan aiki. Gyaran sai an cire wuyan gaba ɗaya, a tsofaffin Yamaha kuwa gam ɗin taurin kai gare shi. Bar ta kawai. Eko Ranger ta Italiya ce ta fita daban, wuyanta da kusoshi aka ɗaure, ana kwancewa a sa sirarin katako a ƙasa.

Tura takarda ƙarƙashin jakin ta baya. In ta shiga, ya soma ɗagewa. Ƙwanƙwasa fuskar da yatsa, in ka ji kwararram, wani katako na ciki ya saki.

Bayan saye, sa sababbin tsirkiyoyi marasa kauri, masu lambar kauri 10 zuwa 47 a jikin fakiti. In har yanzu sun yi sama, zare farin ƙashin da ke kan jaki ka goge gindinsa da samfefa: cire milimita 2 yana sauke tsirkiyoyin da milimita 1 a ƙarfe na 12. Sandar ƙarfen da ke cikin wuya kuwa, wadda ake juyawa don daidaita lanƙwasar wuyan, kwata ɗaya na juyi ya isa a rana, kuma in ta cije kada ka tilasta, karyewa take.

Daga Nuwamba zuwa Maris, ajiye ta cikin jaka tare da jiƙaƙƙen soso a robar sabulu mai huji, a sake jiƙa shi duk kwana uku. Kada a bar ta cikin mota da rana, gam narkewa yake.