Yadda ake buga zanen Sedna da dutse irin na Kinngait

A garin Kinngait da ke yankin Nunavut a arewacin Kanada, wanda a da ake kira Cape Dorset, wannan aiki na mutum biyu ne: mai zane ya zana a takarda, mai bugu ya sassaƙa a dutse. A 1957 aka fara sana'ar. Da ita aka buga zanen mujiya na mai zane Kenojuak Ashevak a 1960, wanda Kanada ta sa a jikin kan sarkin aika wasiƙa a 1970.

Da farko ka san labarin da za ka zana. A tatsuniyar Inuit, mutanen asalin wannan yanki, Sedna ita ce uwar dabbobin teku. Mahaifinta ya jefa ta teku daga kwale-kwale, da ta riƙe bakin kwale-kwalen ya datse mata yatsu, yatsun suka zama dabbobin tekun da ake farauta. Tun da ba ta da yatsu, ba ta iya taje kanta. In gashin ya cukurkuɗe sai ta hana farauta, sai boka, wato angakkuq, ya nitsa ya taje mata. Don haka gashi da hannaye su ne zuciyar zanen. Wanda ya ba ta cikakkun yatsu tana zaune a ƙarƙashin teku bai ji labarin ba.

Samo dutse mai laushi, ka goge fuskarsa da magagari da samfefa har ya yi sumul. Ɗora rula ka duba: duk inda haske ya ratsa ƙarƙashinta kwari ne, tawada ba za ta kama wurin ba.

Kwafi zanen a takarda mai shara-shara, ka kifa ta a kan dutsen da takardar kabon a ƙasa, ka bi layukan. In ba ka kifa ba, Sedna da ke duban dama za ta fito tana duban hagu.

Sassaƙa ita ce mai cin lokaci. Abin da ka bari a tsaye shi zai fito, abin da ka cire ya zama fari. Fara da zagaye layi da ƙaramin ƙarfe mai kaifi, sannan ka share fili da babba, zurfin milimita 2 zuwa 3. A gashin ake yin ɓarna. Kowane sili siririn tudu ne, kuma dutse ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake yi. Saboda haka ka karkata ƙarfen waje, yadda gindin tudun zai fi samansa faɗi. Kada ka yanko ƙarƙashinsa. Ka tura ƙarfen yana barin layi, ba yana nufo shi ba. Silin da ya ɓalle ba ya gyaruwa, gara ka rage yawan gashin tun a takarda. Jiƙa dutsen ko ka rufe hanci, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu.

Wanke dutsen, ka bari ya bushe sarai, domin tawadar mai ba ta shiri da danshi. Murza tawadar da rola a kan gilashi har ta yi siriri, ka shafa sau uku ko huɗu. In ka lafta lokaci guda, za ta cike tsakanin silin gashin ya zama dunƙule baƙi.

Shimfiɗa takarda mara kauri, irin ta Japan da ake yi da ɓawon itace, ka murza bayanta da bayan cokali daga tsakiya zuwa gefe. Ɗaga kusurwa ɗaya ka leƙa kafin ka cire. In takardar ta motsa, layi zai fito biyu.

Kowane kwafi sai an sake shafa tawada. A Kinngait yawanci kwafi 50 ake bugawa, a rubuta lambar kowanne da sunan mai zane da na mai bugu, sannan a goge fuskar dutsen don kada a ƙara.