Yadda Ake Biyan Kuɗin Haƙƙin Kujera a Sabon Filin Tseren Motoci

Duk wanda ya taɓa kama rumfa a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti a nan Bauchi ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba, domin ya san kuɗin kama rumfa daban, wanda ake biya duk shekara kuma daban. Haka abin yake a wasu sababbin filayen tseren motoci na ƙasashen waje. Mutum yakan biya kuɗi tun ana cikin gini, a ware masa kujera da sunansa, amma duk shekara sai ya sayi tikiti kafin ya zauna a kanta. Abin da ya mallaka kawai shi ne alkawarin cewa ba za a sayar wa wani gurbin ba sai idan shi ya bari.

Tsarin ya yi suna a Amurka a 1993, lokacin da ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka mai suna Carolina Panthers ta tara kuɗin gina filin wasanta ta wannan hanya, daga baya kuma filin Circuit of the Americas da ke Austin a jihar Teksas, wanda ya karɓi tseren Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, karon farko a Nuwamban 2012, ya bi sahu.

Kafin ka fitar da ko kwabo, ka nemi takardar yarjejeniya cikakkiya, ka zauna da lauya ku bi ta layi-layi. Ka duba shekarun da haƙƙin zai ɗauka da tseren da ya shafa, domin fili ɗaya yakan karɓi gasar motoci da ta babura, kuma ba lallai kuɗinka ya haɗa duka ba. Ka duba hukuncin wanda ya tsallake shekara bai sayi tikiti ba, saboda a yarjejeniyoyi da dama haƙƙin yakan faɗi nan take, ba tare da an maido da komai ba.

Sharaɗin da ya fi damuna shi ne makomar kuɗinka idan gasar ta bar filin. Wannan ba zato ba ne. Filin Buddh na Indiya ya karɓi Formula 1 daga 2011 zuwa 2013 kawai, na Yeongam a Koriya ta Kudu daga 2010 zuwa 2013, shi kuwa na Hanoi a ƙasar Vietnam an shirya shi domin tseren 2020 amma ba a taɓa yin tseren ba. Masu fili ba su ne masu gasa ba. Kwangila ce tsakaninsu, kuma tana ƙarewa. Saboda haka ka tambayi shekarar da kwangilar za ta ƙare, ka gwada ta da wa'adin kujerarka, kuma idan takarda ba ta faɗi ƙarara yadda za a maido da kuɗi ba, shawarata ita ce ka haƙura, ka riƙa sayen tikiti duk shekarar da ka samu hali.

Wajen zaɓen gurbi, ka nemi taswirar filin. Kujerar da ke fuskantar kwana ta fi ta miƙaƙƙiyar hanya daɗin kallo, domin a nan direbobi suke taka birki suna ƙoƙarin wuce juna. A Austin, alal misali, kwanar farko tana saman tudu, ana hango yawancin filin daga can. Ka kuma tambaya ko wurin yana da rufi.

Ka biya ta banki kai tsaye zuwa asusun da ke rubuce a yarjejeniyar, ba ta hannun dillali ba, ka adana rasit. Ka lissafa da cewa tikitin shekara-shekara da kuɗin waje za ka saye shi, farashin canji kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya, sannan mallakar kujera ba ta ba ka bizar shiga ƙasar. Don haka ka tabbatar an rubuta cewa kana da damar sayar da tikitin shekarar da ba ka samu tafiya ba, ko ka mayar da haƙƙin gaba ɗaya zuwa sunan ɗanka ko ɗan'uwanka da ke zaune a can.