Yadda zaka zaɓi tsakanin orijina da kwafi idan kana tayar da bodin tsohuwar a-kori-kura

Duk wanda ya ɗauko tsohuwar a-kori-kura da niyyar tayar da ita, ko 404 ce ko 504 irin na kamfanin PAN dake Kakuri a Kaduna wanda ya fara haɗa mota a 1975, ko tsohuwar Hilux, ko Datsun 620 ta shekarun 1970, zai tarar ba inji ne zai wahalar dashi ba, inji makanike zai sauke ya haɗa maka cikin kwanaki, bodi ne ke cin kuɗi yana cin rai. Kuma tun ranar farko fanel bita zai tambayeka, oga a canza fendar nan ne ko a gyara ta? Ni matsayina a bayyane yake, ƙarfen da motar ta fito dashi daga kamfani kar ka rabu dashi sai ka rasa yadda zaka yi, kwafi na wurin da babu sauran abin cetowa ne. Ga yadda ake bin abin daki daki.

Mataki na farko, tona asirin bodin kafin ka sayi komai

Kar ka je kasuwa tukuna. A wanke motar tas har ƙasanta, a cire kujera da shimfiɗar ƙasa da robar ƙofa, a fito da ita rana. Ka samo maganaɗisu ƙarami ka naɗe shi da tsumma ka riƙa binta dashi, inda ya kama da ƙarfi to ƙarfe ne, inda ya saki ko ya kama da ƙyar to fila aka lafta a wurin, kuma motar da tayi shekara talatin arba'in tana lodi wallahi zaka sha mamakin yawan filar dake jikinta, wani wurin kaurinta ya kai yatsa. Duk inda maganaɗisun ya saki ka zagaye da alli, a sa giranda ko samfefa a gurje har sai farin ƙarfe ya fito.

Wuraren da tsatsa ke ɓuya sanannu ne: ƙasan ƙofa, kusurwar bayan kan motar ta ƙasa, inda direba ke taka ƙafa, gindin fenda ta bayan taya inda laka ke taruwa, kewayen gilashin gaba a ƙarƙashin roba, sai mazaunin batir wanda ruwan batir ke ci. Ka sa sukundireba ka danna da ƙarfi, in ya shige to ya shige, gara ya shige yanzu da bayan fenti.

Mu nan arewa muna da wata sa'a, iskarmu busasshiya ce kuma ba a zuba gishiri a titi, saɓanin Turai da arewacin Amurka inda suke watsa gishiri lokacin ƙanƙara ya cinye ƙasan mota, shi yasa ma masu wannan harka a Amurka suke bin tsoffin motocin jihohi masu busasshiyar iska irin su Arizona da Texas da kuɗinsu. Saboda haka motar da tayi rayuwarta tsakanin Katsina da Maraɗi sau da yawa ƙarfenta lafiya lau yake, lotsewa ce kawai da fila. Abin dake kashe namu bodin baya ne, takin zamani da buhunan gishiri da fitsarin dabbobi, su ne ke huda shi.

Mataki na biyu, raba ɓarnar

Lotsewa ba dalilin canza fenda bane, fanel bita da ya iya guduma zai fito da ita. Huda a wuri ɗaya ma ba dalili bane, faci ake yi. A nawa ganin in ɓarnar bata wuce kashi ɗaya cikin uku na fendar ko ƙofar ba, kuma bakinta da layin jikinta da ramukan noti suna nan daidai, to a yanke ruɓaɓɓen a sa sabon ƙarfe a bar sauran. Wadda za a canza ita ce wadda ta ruɓe ta gefe gefe har babu inda walda zata kama, ko wadda aka taɓa gasawa da wuta aka bubbuga har ƙarfen ya saki, kana dannawa da tafin hannu yana shiga yana fitowa yana ƙara.

Mataki na uku, san abin da ake sayar maka

Kayan bodi iri uku ne a kasuwa. Akwai orijina sabo da ba a taɓa ɗaurawa ba, ragowar kayan kamfani da suka kwana a sito, Turawa na kiransa NOS, shi ne sarki amma samunsa sai an tona kuma mai shi ya san abin da yake riƙe dashi. Akwai orijina na hannu, wanda aka ciro daga motar da aka yanka, irin wanda zaka samu a Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ko cikin kayan Baljiyam. Sai kwafi, wanda wani kamfani daban ya buga, yawancinsa daga Taiwan ko Chana.

Shi kwafin ma ba ɗaya bane. A Amurka harkar ta girma sosai, mai Chevrolet C10 ta 1967 zuwa 1972 ko Ford F-100 ta 1953 zuwa 1956 zai buɗe katalog na irin su LMC Truck ko Auto Metal Direct ko Dynacorn ya zaɓi kusan kowane ɓangare, wasu motocin har kan motar gaba ɗaya ake bugawa sabo, kuma duk da haka ko su basa tsammanin su ɗauko daga kwali su ɗaura ya zauna, sai an yi masa aiki. Dalilin kuwa, kamfanin da ya ƙera motar yana da zanen asali kuma yana buga fenda ɗaya a matakai da dama, kowane bugu da nasa ƙarfen zubi, shi kuwa mai kwafi tsohuwar fenda ya samu ya auna ya yi nasa zubin, in yana son rage kuɗi ya rage yawan bugun, kamar hoton da aka yi wa fotokwafi aka sake yi wa kwafin fotokwafi, kamannin na nan amma kaifin ya tafi. Shi yasa zaka ga layin jikin kwafi ya yi laushi, kusurwa ta zama zagaye, ramin noti ya kauce da ɗan kaɗan.

Masu Peugeot basu da irin wannan katalog ɗin, amma suna da abin da ya fi shi. 504 ta fito a 1968, a-kori-kurarta ta biyo baya wajen shekara goma sha ɗaya, an ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har cikin shekarun 2000, kuma gaban a-kori-kurar irin na salun da wagon ne, kaga kenan orijinar bonet da fenda na nan birjik a jikin matattun motoci. Sai dai ka lura da gidan fitila, akwai masu babbar fitila ɗaya kowane gefe akwai masu zagaye biyu biyu. 404 ce ta fara wuya tunda ta girme ta, ta 1960 ce.

Mataki na huɗu, ka je kasuwa da tsohon a hannu

Nan ne mutane ke asara. Ka ɗauki tsohuwar fendar ka tafi da ita, in bazai yiwu ba ka yanko kwali daidai da lanƙwasar bakin taya da layin ƙofa ka tafi dashi tare da awon tsakanin ramukan noti. Ka jingina su gefe da gefe ka duba. Ka ɗaga kowacce ka ji nauyi, ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ƙarfe mai kauri amonsa a dunƙule yake, siriri kuwa sai ya yi ta rawa. In zaka iya aron ma'aunin kauri wurin masu injin dire ya fi, ka auna a baki inda babu fenti. Lissafin geji, wato lambar kaurin ƙarfe, juye yake, in lamba ta hau kauri ya sauka: geji 18 wajen milimita 1.2 ne, geji 20 wajen 0.9, geji 22 bai kai 0.8 ba. Tsoffin a-kori-kura na Amurka yawanci 18 ko 19 ne, na Turai da Japan sun ɗan fi siranta, kai dai ka auna naka ka nemi wanda bai gaza shi ba. Mai shago zai ce maka alhaji wannan ai duk ɗaya ne fenti ne zai rufe, ka yi masa godiya ka ci gaba da awonka, araha bata ado.

In na hannu ne ka juya cikinsa ka haska da tocila, ta ciki ake gane wanda ya taɓa haɗari, zaka ga sawun guduma ko tabon wuta ko ƙananan ramuka inda aka ja lotsewa. Ƙofa kuma ka duba naɗin bakinta ta ƙasa, in ya kumbura to tsatsa ta riga ta shiga tsakanin ƙarfe biyun, barta. Kayan da suka fito daga bakin teku ko ƙasashen ƙanƙara a nan suke nuna halinsu.

In kwafi ne mai baƙin shafe, ka jiƙa tsumma da tina ka goga a wani lungu. In baƙin ya biyo tsumman to shafen kariya ne kawai na hanya, dole a kankare shi duka kafin faraima. In bai motsa ba to irin wanda ake yi da lantarki ne, ana ce masa EDP, shi gogewa kaɗan da samfefa ya isa. Kuma ku yi magana tun a shago cewa in bai zauna ba zaka dawo dashi muddin ba a yanka ko an fenta ba.

Mataki na biyar, gwaji kafin fenti

Ba a fenta abin da ba a gwada ba, ko orijina ne. Kuma kafin ka zagi kwafi ka duba motarka, don ita ma ta tsufa, hinjis sun ci, robobin mazaunin bodi sun kwanta, wataƙila shasi ma ya ɗan karkace da lodin shekaru. A ajiye ta a daben da yake daidai, a gyara hinjis, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa a giciye a ga ko ɓangarorin biyu sun zo ɗaya.

Sannan a bi tsari: ƙofa ake fara daidaitawa da kan motar, sai a kawo fenda ta bi ƙofa, bonet ne ƙarshe. Tazarar tsakani wajen milimita 4 zuwa 5 daga sama har ƙasa, ka samu ɗan katako ko kwali mai wannan kaurin ka riƙa zurawa kana ja. A ɗaura noti sakwa sakwa tukuna, a sa wosha inda ake buƙatar ɗagawa, ramin da ya kauce a faɗaɗa shi kaɗan. A ɗaura fitila da giril da bamba da robar ƙofa duk a gani, saboda sau da yawa fenda zata zauna da ƙofa lafiya sai an zo fitila ta ƙi shiga. Kar ka yarda a matse fenda da ƙarfin noti don ta zauna dole, zata ja ƙofa ko ta tsaga fenti daga baya.

Mataki na shida, yanka da walda

Ga wata dabara da nake so ƙwarai: ko ka sayi kwafin gaba ɗaya ba dole ka ɗaura shi gaba ɗaya ba. Ka yanko iya inda kake buƙata, misali gindin fenda ko kusurwar kan mota, a dasa a jikin orijinar, kaga ka tsira da layin kamfani da ramukan kamfani kuma ka samu sabon ƙarfe inda ya ruɓe. Kuma ba a yanka tsohon sai sabon ya iso an ɗora shi a kai an zana.

In ƙasan motar ko dokin ƙofa za a yanke, a fara walda ƙarfe a giciye a bakin ƙofar ya riƙe ta, in ba haka ba kan motar zai saki ƙofa ta daina rufuwa har abada. Facin a haɗa shi baki da baki, kar a ɗora wani kan wani, don tsakanin nan ruwa ke kwana. Yawancin garejinmu waldar kabayid ake yi, tana aiki amma zafinta na bazuwa ya murɗe ƙarfe, in akwai mai waldar MIG, wato ta lantarki mai tura waya da kanta, da siririyar waya ta 0.6 ka neme shi ko da ya fi tsada. Ko wacce ce dai a riƙa ɗigawa ɗaya nan ɗaya can ana bari yana hucewa, ba a ja dogon layi a siririn ƙarfe. Ka zauna a wurin ranar, ka ce masa maigida a bi a hankali ba sauri nake ba, kuma ka biya shi kuɗin rashin saurin, don wanda aka matse wa farashi da fila zai rama.

Mataki na bakwai, rufe bayan aikin

Bayan an gurje waldar a haska tocila ta baya a duba ko haske na fitowa, in akwai ƙananan huda a cike su da walda. A fesa faraimar epoxy a kan tsiraicin ƙarfe gaba da baya, a bi haɗin da sila, sannan fila ta zo, ita ma kar ta wuce milimita 3, in wuri na neman fiye da haka to aikin guduma bai ƙare ba. Cikin ƙofa da dokin ƙofa inda fenti baya kaiwa a fesa musu kakin hana tsatsa, a tabbatar ramukan fitar ruwa na ƙasan ƙofa a buɗe suke don masu fenti na yawan toshe su. Tsoffin da aka cire kuma kar yaran gareji su miƙa wa 'yan gwangwan tukuna, a ajiye su har a gama haɗa motar, akwai ƙananan maƙalai da gidajen noti a jikinsu da kwafi baya zuwa dasu, daga nan za a yanko a mayar.